Labarin Hindenburg, Tsohon da ya Miƙa wa Hitila Ragama

Duk wanda ya zauna ajin tarihi a kwalejin nan ya ji sunan Hitila har ya gaji. Amma in ka tsai da ɗalibai goma a bakin ɗakin cin abinci, ka tambaye su wane ne ya ɗauki mulkin Jamus ya danƙa masa, da wuya ka sami biyu da za su amsa. Waɗansu ma tsammani su ke da bindiga ya ƙwata. Ba haka aka yi ba. Kiransa aka yi fada da hantsi, aka rantsad da shi Waziri, watau shugaban gwamnati, bisa doka. Wanda ya rantsad da shi kuwa wani tsoho ne mai shekara 85, sunansa Paul von Hindenburg. Labarinsa na ke so in ba ku, 'yan'uwa. In kun ga ina yawan ƙidaya shekarun mutane, da gangan na ke yi, gama tun ran da abin ya faru har yau ana gardama, wai tsufa ne ya jawo, ko kuwa halin mutumin ne.

An haifi Hindenburg ran 2 ga Oktoba, 1847, a Posen, garin da yanzu a ke ce da shi Poznan. A lokacin babu ƙasa guda da a ke kira Jamus, sai ƙasashe barkatai, kusan kowace da sarkinta, babbarsu a arewa kuwa ita ce Furusiya. Ubansa hafsa ne, daga zuriyar masu gandaye na gabashin Furusiya, mutanen da ba su san wata sana'a ba sai riƙon gandu da yi wa sarki yaƙi. Yana da shekara 11 aka kai shi makarantar da a ke horon yara su zama hafsoshi. Ya fito laftana cikin 1866, bai ko daɗe ba sai yaƙi ya tashi tsakanin Furusiya da Ostiriya. A fagen Königgrätz, ran 3 ga Yuli, harsashi ya huda hular da ke kansa, ya karce masa fatar kai, ya wuce. Yaro mai shekara 18 ya ɗaure kai, ya ci gaba da yaƙi. Ashe da sauran shekara 68 a gabansa.

Bayan shekara huɗu aka kara da Faransa, aka ci ta. Ran 18 ga Janairu, 1871, sarakunan Jamusawa suka taru a fadar Versailles, kusa da Faris, suka naɗa Sarkin Furusiya, Wilhelm na Ɗaya, ya zama Kaisa, watau sarkin sarakunansu, Jamus ta zama ƙasa guda. Hindenburg na cikin zauren ran nan, shi aka zaɓa ya wakilci rundunarsu. Yana da shekara 23, sarkin da ya ke kallo kuwa yana da 73. Ina jin abin da ya gani ran nan bai taɓa fita daga zuciyarsa ba. A wurinsa Jamus ta gaskiya ita ce ta wannan zaure, ga sarki, ga hafsoshi, ga tutoci, babu mai gardama.

Wannan Wilhelm ya isa a ɗan tsaya a kansa, don shi ne ya fi kowa shekaru a kan gadon mulkin Jamus. An haife shi cikin 1797, yana saurayi ya yi yaƙi da rundunar Napoleon, bai hau gadon Furusiya ba sai 1861, yana da 63. Cikin 1878 wani ya harbe shi a titin Barlin, yana da 81, ya ji rauni ƙwarai, ya warke, ya ƙara kusan shekara goma. Ya rasu ran 9 ga Maris, 1888, saura kwana 13 ya cika 91. Tsufansa bai cuci ƙasar ba, gama ya san wanda zai riƙa. Ya sami Waziri Bismarck, su yi faɗa su shirya, amma bai sake shi ba har ya mutu. Hindenburg na cikin hafsoshin da suka yi tsaron gawarsa. Ɗan sarkin, Friedrich na Uku, ya jira gado har ya kai 56, ya hau da ciwon sankara a maƙogwaro, ba ya ko iya magana, ya yi kwana 99 ya bi uban. Sai jika, Wilhelm na Biyu, ya hau yana da 29. Sarki uku ke nan cikin shekara guda. Kafin shekara biyu ta cika yaron nan ya sallami Bismarck.

Shi dai Hindenburg, shekara arba'in ɗin da suka bi bayan Versailles babu abin faɗi da yawa cikinsu. Ya yi aure cikin 1879, ya sami ɗa guda da 'ya'ya mata biyu, ya yi ta hawan muƙami har ya zama janar mai riƙe da babbar runduna a Magdeburg. Cikin 1911 ya ajiye aiki yana da 63, ya koma Hanover yana cin fansho, yana farauta. Da ajali ya same shi a nan, da ko Jamusawa ba su san sunansa ba yau.

Sai ga yaƙin 1914. Rundunonin Rasha biyu suka kutso gabashin Furusiya, janar ɗin da ke wurin ya firgita, aka tuɓe shi. Wanda manya suka so ya gyara al'amarin shi ne Erich Ludendorff, mai shekara 49, gwanin dabara, amma mai zafin rai, muƙaminsa kuma bai kai ba. Sai aka nemi dattijon da za a ɗora a kansa, aka tuna da ɗan fansho na Hanover. Ran 22 ga Agusta aka buga masa waya, kafin gari ya waye yana tashar jirgin ƙasa, sanye da tsohuwar rigarsa shuɗiya, don ba shi da irin mai ruwan toka da soja suka koma sawa. Yana da shekara 66.

Kafin su isa, wani hafsa, Max Hoffmann, ya riga ya fara shirya tarko. Daga 26 zuwa 30 ga Agusta suka yi wa rundunar Janar Samsonov zobe a yaƙin da aka sa wa suna Tannenberg, suka kama fursuna wajen 92,000. Samsonov ya shiga daji ya harbe kansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Hoffmann da Ludendorff suka yi lissafi, sunan Hindenburg ya cika duniya. Amma kada mu tauye masa mudu, natsuwarsa ta yi rana sa'ad da hankalin Ludendorff ya tashi ana tsakiyar fama. Mutum ne dogo, ƙaƙƙarfa, mai gashin baki, mai jinkirin magana, ba ya fasa barcinsa kome tashin hankali. Mutanen da tsoro ya kama irin wannan fuska su ke nema. Cikin 1915 aka sassaƙa siffarsa da itace a Barlin, tsawonta wajen ƙafa 40, mutane suna biyan kuɗi su buga mata ƙusa don gudummawar yaƙi.

Cikin Agusta 1916 aka ba shi dukan sojan Jamus, Ludendorff na biye, Kaisa ya zama sarki a suna. Su biyu suka matsa aka saki jiragen ƙarƙashin ruwa su nutsad da kowane jirgi mai zuwa Ingila, abin da ya jawo Amurka cikin yaƙin a Afrilu 1917. Suka fid da Rasha daga fage, suka tattara ƙarfinsu duka suka auka wa Faransa da Ingila cikin Maris 1918, abin bai ci ba. Ran 29 ga Satumba su da bakinsu suka gaya wa Kaisa a nemi a tsai da yaƙi nan da nan, tun rundunar ba ta watse ba.

A nan ne, 'yan'uwa, na ke so ku sa ido, don a nan halin mutumin ya fito fili, yana da 71, da sauran ƙarfinsa. Ludendorff aka sallama, Hindenburg ya zauna. Ran 9 ga Nuwamba, a garin Spa, da lokaci ya yi da za a gaya wa Kaisa soja sun daina binsa, ya bar sabon mataimakinsa, Janar Groener, ya faɗa. Kashegari Kaisa ya ƙetare zuwa Holan, inda ya zauna yana saran itace har ya mutu cikin 1941, yana da 82. Wanda ya ja gaban masu sa hannu a takardar tsai da yaƙi farar hula ne, Matthias Erzberger, Hindenburg kuwa ya buga masa waya ya sa hannu ko da ba a sassauta sharuɗɗan ba. Cikin Yuni 1919 gwamnati ta tambaya ko soja za su iya komawa fage in an ƙi yarjejeniyar Versailles, wadda ta raba Jamus da Kamaru da Togo da sauran ƙasashen da ta mallaka. Ya fita daga ɗakin, ya bar Groener ya ba da amsar ba za su iya ba. Kana ran 18 ga Nuwamba na shekaran nan ya tsaya gaban kwamitin majalisa, ya ce ba a ci sojan Jamus a fagen fama ba, 'yan siyasa da masu tawaye na gida ne suka soke su ta baya. Ya san ba gaskiya ba ne, gama da shi aka nemi a tsai da yaƙin. Amma wa zai ƙaryata gwarzon Tannenberg? Ƙaryan nan ta yi 'ya'ya. Cikin 1921 aka harbe Erzberger, da ita kuma Hitila ya yi ta cika zauruka da jama'a.

Jamus dai ta zama Jamhuriya, watau ƙasa marar sarki. Shugabanta na farko, Friedrich Ebert, ɗan tela ne, shi kuwa baduku mai ɗinkin sirdi, ya hau yana da 48. Maƙiyansa suka yi ta jifarsa da cin amanar ƙasa, shi kuma yana kai ƙara kotu, har ya jinkirta zuwa asibiti saboda shari'a, alhali ciwon hanjin da ke damunsa aikin likita kan warkad da shi in an yi da wuri. Ya rasu ran 28 ga Fabrairu, 1925. Dubi ikon Allah, mai 54 ya tafi, aka je aka taso mai 77 ya gaje shi.

Ga yadda aka yi. A zagayen farko na zaɓe ba wanda ya ci. Masu begen zamanin sarki suka ga ɗan takararsu ba zai kai ba, suka nufi Hanover, inda tsohon ya sake komawa fansho. Ya yi ta noƙewa, gama bai taɓa ɓoye cewa shi mutumin sarki ne ba, har tsohon shugaban sojan ruwa, Tirpitz, ya lallashe shi. Ran 26 ga Afrilu ya sami ƙuri'a miliyan 14 da dubu 600 da 'yan kai, Wilhelm Marx na jam'iyyar Katolika ya sami miliyan 13 da dubu 700 da 'yan kai, na 'yan Kwaminis kusan miliyan 2. Da 'yan Kwaminis sun janye nasu, da watakila labarin ya sake.

Kujerar da ya hau ba ta ado ba ce. Shekara bakwai a ke yi a kanta. Shugaban Ƙasa ke naɗa Waziri, shi ke tuɓe shi, shi ke da soja, yana iya rushe majalisa, sashe na 48 na tsarin mulki kuma ya ba shi ikon yin doka da hannunsa in ya ga ƙasa na cikin haɗari. Shekara biyar na farko ya ba maraɗa kunya. Ya riƙe rantsuwarsa, ya yarda Jamus ta shiga Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani cikin 1926, ya sa hannu a shirin biyan diyyar yaƙi cikin 1930, ko da ya ke tsofaffin abokansa sun yi ta zaginsa. Amma a hankali ƙofar fadarsa ta ƙuntata. Masu ganinsa kullum ba su wuce ɗansa Oskar, da sakatarensa Otto Meissner, da wani janar mai son kutse cikin siyasa, Kurt von Schleicher ba. Cikin 1927, da ya cika 80, masu masana'antu da masu gandaye suka tara kuɗi suka sayo masa Neudeck, gandun kakanninsa, aka rubuta shi da sunan Oskar don kada a biya ushira ran da tsohon ya kau. Kyauta irin wannan ba ta zuwa ita kaɗai. Tun daga nan maƙwabtansa masu gandaye suka sami kunnensa.

Ƙarshen 1929 ciniki ya faɗi a duniya duka, ya yi tsanani ƙwarai a Jamus. Cikin Maris 1930 gwamnatin ƙarshe mai rinjaye a majalisa ta watse, Hindenburg ya naɗa Heinrich Brüning ya yi mulki da sashe na 48. Majalisa ta ƙi, ya rushe ta. A zaɓen Satumba jam'iyyar Nazi ta Hitila ta tashi daga kujera 12 zuwa 107. Farkon 1932 marasa aiki sun kai miliyan 6, wa'adin tsohon kuma ya cika. Yana da 84, in ya sake hawa sai yana da 91 zai sauka. Aka rasa wanda zai iya tare Hitila sai shi, aka roƙe shi ya tsaya. Hitila na yawo gari gari cikin jirgin sama, Brüning na yi wa tsohon yawon neman ƙuri'a, shi kuwa sai magana ta rediyo. Ran 10 ga Afrilu ya ci da ƙuri'a fiye da miliyan 19, Hitila ya sami 13 da 'yan kai.

Abin mamaki, nasaran nan baƙin ciki ta sa shi. Waɗanda suka zaɓe shi cikin 1925 da yawansu sun koma wa Hitila. Waɗanda suka tsai da shi wannan karo ma'aikata ne 'yan Soshal Dimokurat da Katolika, mutanen da bai taɓa ɗauka nasa ba, ya kuwa ɗora wa Brüning laifin. Da maƙwabtan Neudeck suka kawo ƙara wai Brüning na shirin zaunad da marasa aiki a gandayen da bashi ya cinye, ko wata biyu ba a yi da zaɓe ba ya sallame shi.

Ya naɗa Franz von Papen, wanda ba shi da kowa a majalisa. Aka sake zaɓe cikin Yuli, Nazi suka sami kujera 230. Ran 13 ga Agusta Hitila ya zo fada yana neman wazirci, Hindenburg ya hana shi ƙiri-ƙiri, ga kuma raini, gama baƙo ne daga Ostiriya, bai wuce ƙaramin kofur ba a yaƙin da shi ya ke Fil Mashal. Cikin Nuwamba aka sake zaɓe, Nazi suka sauko 196, kuɗinsu ya yi ƙasa, waɗansu har suna cewa guguwa ta wuce. Papen ya faɗi, Schleicher ya hau, ya yi kwana 57. Papen kuwa, don haushi, ya koma ya ƙulla da Hitila a ɓoye, ya jawo Oskar da Meissner, suka yi ta gaya wa tsohon ba abin tsoro. Nazi uku kaɗai za su shiga gwamnati har da Hitila, sauran ministoci duk masu ra'ayinsa ne, ga Papen na mataimaki yana riƙe da linzami. Ran 30 ga Janairu, 1933, mai 85 ya rantsad da mai 43. An ba kura ajiyar nama ke nan, ana taƙama da takunkumin da aka saƙa da zare.

Abin da ya rage masa sa hannu ne. Ran 27 ga Fabrairu aka sa wa ginin majalisa wuta. Kashegari ya sa hannu a dokar da ta soke 'yancin magana da na jarida da na taro, ta buɗe wa 'yan sanda ƙofar tsare mutum ba shari'a, dokar da ta zauna har Jamus ta faɗi cikin 1945. Ran 21 ga Maris, a Potsdam, Hitila ya sa baƙar kwat, ya rusuna gaban tsohon mai ƙirji cike da lambobi, aka ɗauki hoto aka baza. Bayan kwana biyu majalisa ta ba gwamnati ikon yin doka ba da ita ba. 'Yan Soshal Dimokurat 94 su kaɗai suka ƙi, su da suka ba shi ƙuri'a bara don ya tsare su. Ya sa hannu. Da aka tashi korar Yahudawa daga aikin gwamnati cikin Afrilu, ya rubuta wa Hitila a kan waɗanda suka yi yaƙin 1914, aka keɓe su. Tausayinsa a kan tsofaffin soja ya tsaya.

Cikin Yuni 1934 ya koma Neudeck ba lafiya. Ran 30 ga watan Hitila ya sa aka karkashe waɗanda ya ke tsoro, cikinsu har da Schleicher da matarsa, a cikin gidansu. Bayan kwana biyu waya ta fita da sunan Hindenburg tana gode wa Hitila. Ya rasu ran 2 ga Agusta, saura wata biyu ya cika 87. Tun ana gobe zai cika an riga an yi dokar haɗa kujerarsa da ta Waziri, ran da ya mutu kuma aka sa soja suka yi rantsuwa da sunan Hitila. Shi ya riƙe ta har ya kashe kansa cikin 1945, yana da 56, bayan ya jawo mutuwar miliyoyin mutane.

To, tsufa ne? Mutanen zamanin da yawa haka suka ce. Har ana ba'a a Barlin wai kada ka manta takardar da ka ƙunso abinci a teburinsa, don zai sa mata hannu. Bayan yaƙi wannan bayani ya yi wa mutane daɗi, musamman waɗanda suka kewaye shi da waɗanda suka zaɓe shi. Ba shakka mai 85 yakan gaji, ba ya son doguwar takarda, ya fi son fuskokin da ya saba da su. Amma wani masanin tarihi Bajamushe, Wolfram Pyta, wanda ya bi takardun ya fito da littafi cikin 2007, ya nuna hankalin tsohon na nan sarai har kusa da ƙarshe, kuma da saninsa ya zaɓi Hitila, don ya ga shi zai haɗa masa Jamusawa su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, a huta da gardamar jam'iyyu. Ni dai nan na fi karkata. Wanda ya iya hana Hitila cikin Agusta bai ruɗe kafin Janairu ba. Kuma mutumin da ya bar Groener da maganar Spa, ya bar Erzberger da alƙalami, ya yar da Brüning bayan ya gama masa aiki, ba a 85 ya koyi wannan ba. Mukan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, da irin wannan zato kuwa mutum miliyan 19 suka jefa ƙuri'a cikin 1932. Shi kuwa babban nasu baya ya ke hange, wajen zauren Versailles na 1871.

Da Jamusawan yamma suka yi sabon tsarin mulki cikin 1949, Hindenburg na cikin ransu. Ku lura da abin da suka gyara. Ba su yanka iyakar tsufa ba, sun dai ce sai wanda ya kai 40 zai tsaya. Kujerar suka rage wa ƙarfi: shekara biyar, ba a wuce sau biyu a jere, wakilai ke zaɓe, babu soja a hannu, babu sashe na 48. Wazirinsu na farko ma, Konrad Adenauer, wanda Nazi suka kora daga shugabancin birnin Kolon cikin 1933, ya hau yana da 73, bai sauka ba sai 1963, yana da 87, watau ya wuce shekarun da Hindenburg ya mutu da su. Shugabannin Ƙasar da suka biyo baya da yawansu sun yi tsawon rai, amma a gida suka ƙarasa tsufansu. Heinrich Lübke, wanda mantuwa ta fara kama shi a kan kujera, ya sauka cikin 1969 tun wa'adinsa bai cika ba, ƙasa kuwa ba ta girgiza ba. Walter Scheel ya sauka yana da 59, ya rayu har 2016, ya kai 97, ya fi duk waɗanda suka gabace shi. Joachim Gauck kuwa cikin 2016 ya ce ba zai sake tsayawa ba saboda shekaru, ya sauka cikin 2017 yana da 77, daidai shekarun da Hindenburg ya fara.

Shi Hindenburg ko a kabari bai huta ba. A Neudeck ya so a binne shi, Hitila ya sa aka kai shi babban ginin tunawa da yaƙin Tannenberg, aka yi gagarumin biki, aka kuma kawo matarsa, wadda ta riga shi tun 1921, aka ajiye kusa da shi. Cikin Janairu 1945, da sojan Rasha suka matso, Jamusawa suka kwashe akwatunan biyu, suka sa wa ginin nakiya. Aka yi ta yawo da su, har cikin Afrilu sojan Amurka suka tarad da su a ramin haƙar gishiri a Bernterode, tare da akwatunan sarakunan Furusiya biyu. Cikin Agusta 1946 aka binne su a majami'ar Elisabeth da ke Marburg. Posen inda aka haife shi, da Tannenberg inda ya yi suna, da Neudeck inda ya mutu, dukansu yau suna cikin ƙasar Folan.